Musa'adat Daga Jidda

Ni tsohuwa ce, ban san ƙarfe ba, ƙarfe ma bai san ni ba. Amma a shekarar da ƙafafun yayata suka kumbura, sai da Allah ya zaunar da ni lokacin zafi guda cur ina jiran ƙarfe.

Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni da Yaya. Iyayenmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suna tafe suna yada zango suna noma, har suka ƙetare teku a jirgin katako suka sauka can kudu, wajen Jizan. Ni a hanya aka haife ni. Daga bakin ruwan nan har Makka a bayan Yaya na zo, domin innarmu tana da kaya a ka, ga wani cikin a gaba. Ban san wannan da wayona ba, amma Yaya ba ta taɓa bari na manta ba. Har na yi furfura 'yar goyo take ce mini. Da muka girma aure ya mayar da ita kudu, ni kuma ya zaunar da ni a unguwar Utaibiyya cikin Makka. A can na haihu, a can na yi takaba, kafin ɗana na fari ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa a unguwar Rusaifa.

Ɗan farin nan ba na kiran sunansa, ba na zama mu yi doguwar magana. Haka na tarar ana yi, haka nake yi. Jikokina da Larabci ya cika musu baki suna yi mini dariya, wai wace irin uwa ce take gudun ɗanta. In ina son abu a wurinsa, matarsa nake gaya wa. Sai in ce, "'Yar nan, gaya wa mutumin naki mukayyif ɗin ɗakina, na'urar sanyin nan, yana ɗigar da ruwa," ko da yana zaune a falon yana jina. Shi kuma ya dubi bango ya ce, "Tayyib, Inna." Da haka muka rayu, ba mu taɓa rasa komai ba, sai a wannan shekarar.

Wata Juma'a bayan la'asar Yaya ta kira ni a waya. Muka gaisa, na tambayi ƙafa, ta ce ƙafa tana nan inda aka ajiye ta. Sai ta sassauta murya.

"Ke 'yar goyo, farin yadin nan da muka taɓa magana. Ki saya, ki tsoma mini shi a zamzam, ki shanya a inuwa, ki kawo mini da hannunki. Kada ki ba direba."

Na ce, "Yaya, wace irin magana ce wannan?"

Ta ce, "Irin wadda kika ji. Kuma kada ki yayata, ba na son a taru a kaina ana kuka tun ina ganin mutane. Ki zo kawai, kada ki tsaya kwalliya."

Likkafaninta take nufi. A wajenmu tsoho ba ya jin nauyin wannan, yakan tanadi nasa ya sa a ƙasan akwati. Amma wanda ya ce a kawo masa da hannu, ya ji wani abu a jikinsa. Na aika aka yanko mini yadin, na tsoma shi a zamzam cikin bahon da ba a taɓa wanki da shi ba, na shanya a ɗakina na rufe ƙofa. Da ya bushe na naɗe, na sa ƙarƙashin matashina. Sannan na ce wa surukata ta gaya wa mutumin nata ina son zuwa kudu in ga Yaya.

Shi kuwa ya ɗauki waya ya kira ta da kansa. Ina jinsa daga ɗaki. "Yaya jiki, Gwaggo?" Ko da ban ji amsarta ba na san abin da ta ce. Da sauƙi. Mu ko ana yi mana kalmar shahada, aka tambaye mu jiki, da sauƙi za mu ce. Shi kuma ɗan Makka ne, makarantar Larabawa ya yi, in an ce masa da sauƙi sai ya ɗauka sauƙin ne.

To ga ni da nawa lalurar. Likita ya ce ƙashin bayana ya goge, kada in daɗe a zaune. Ga ciwon sukari, ba na iya nisa da banɗaki. Tafiyar kudu kuwa yini ce cikakke, a kan hanyar da ke bin bakin teku. Mutumin nan ya yi tunaninsa shi kaɗai, ya tafi ya sayo karafan a hannun wani abokin aikinsa. Karafan ɗaki ne mai taya, da gado a ciki, da ɗan banɗaki, da murhu, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. Yana da wata tsohuwar jib, irin babbar motar nan da suke shiga sahara da ita su kwana suna gasa nama. Ita za ta ja. Surukata ta zo tana murna ta ce, "Inna, ɗaki guda za a tafi da shi dominki." Na ce Allah ya yi albarka. A raina na ce da Laraba ina gaban Yaya.

Ranar da aka fara ɗaura shi na leƙa ta taga. Akwai wani ƙwallon ƙarfe a gindin jib, aka sauke hancin karafan a kai. Ana saukewa bayan motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga sama, kamar raƙumin da ya fara miƙewa ya fasa. Yaran unguwa suka taru. Maƙwabcinmu ya fito da jallabiyar barci yana cewa fitilun nan ai tsuntsaye za su haska wa hanya. Mutumin namu ya zagaya motar, ya tsuguna, ya leƙa, ya miƙe. Ya ce a shiga a gwada.

Na shiga baya, surukata a gaba. Muka fita bayan gari. Muna cikin tafiya wata tirela ta wuce mu, sai na ji bayan motar ya karkaɗa, ya tafi dama ya dawo hagu, ɗakin nan da ke biye da mu yana jan mu inda ya ga dama. Na ga jijiyoyin hannunsa a kan sitiyari. Surukata tana salati a hankali. Ya rage gudu, ya rage, har muka tsaya a gefen titi. Muka juyo gida kamar masu rakiyar gawa.

Da yamma ya gaya wa matarsa, ita kuma ta gaya mini, wai in baya ya sauka gaba ba ya kama ƙasa sosai, sitiyari ya zama kamar ba a riƙe da komai. Ba zai ɗauki uwarsa a haka ba. Za a kai warsha, wato garejin gyara, a ƙarfafa bayan. Kwana kaɗan ne.

Wannan kwana kaɗan ɗin na ji shi har ya fita a raina.

Aka fara da susta. Su ne ƙarafan nan masu faɗi da aka jera kan juna kamar ganye a ƙarƙashin mota, su ke ɗaukar nauyi. Mai gyara ya ce sun gaji, a ƙara ganye. Aka ƙara. Motar ta dawo gida gindinta a sama, kamar tana neman faɗa. Washegari aka kai ni asibiti a cikinta, ba karafan. Kowane tudun kan titi sai da ya bi ta ƙashin bayana ya fito ta ƙeya. Na ce wa surukata, "'Yar nan, tambayi mutumin naki, jaki ya sayo ko mota ya gyara?" Yana jina. Ya ce wa madubi, "In an ɗora nauyi za ta yi laushi, Inna."

Aka ɗora nauyin. Gaskiya ba ta durƙusa kamar da ba. Amma sai ta fito da wani sabon hali. In ta taka tudu sai ta yi ta gyaɗa kai, sama, ƙasa, sama, ƙasa, kamar tsohon da ke gyangyaɗi a wurin wa'azi, har a yi nisa ba ta daina ba, karafan ma yana taya ta. Aka sake kwancewa. Aka sake komawa warsha.

Ana nan, ana nan, wata safiya ina lazimi sai na ji shi a falo yana waya. Maganarsa rabi Hausa rabi Larabci, kamar ta kowa a gidan nan.

"La, wallahi ba zan iya tafiya ba sai musa'adat sun iso. Bayan ba zai ɗauka ba. Na zagaye Makka ban samu ba, sai wani a Jidda ya ce zai nemo mini. Ina jira, ba yadda zan yi."

Carbin ya tsaya a hannuna.

Ni na san musa'adat. Duk wanda ya tsufa a Utaibiyya ya san su. Su ne taimakon da masu hali ke rabawa da azumi, kwali da shinkafa da mai da sukari, a kai wa gwauraye da marayu da mutanenmu da suka zo aikin hajji suka zauna ba takarda. Mata su yi layi a rana, fuska a rufe, kowace tana addu'a kada maƙwabciyarta ta gane takalminta. Ban raina mai karɓa ba, Allah shi ne shaida, da hannuna na sha kai wa wasu. Amma gidanmu ba a taɓa karɓa ba. Maigidana a kafaɗarsa ya riƙa ɗaukar tsofaffin alhazai yana yi musu ɗawafi har kafaɗar ta yi kanta. Ni na soya gyaɗa na zauna bakin titi na sayar. A garin da in an ga baƙar fata a tsugune sai a fara lalube aljihu, mu ba mu miƙa hannu ba ko sau ɗaya. Yau ga ɗan da na haifa, mai aiki da kujera da mukayyif, yana jiran musa'adat daga Jidda. Na ce shi ke nan, karafan da ƙarafan nan sun cinye shi, kuma saboda ni.

Da wani ɗa ne cikin ƙannensa da na kira shi ɗaki na tambaye shi. Wannan kuwa ta ina zan fara? Sai na bi ta hanyar da na saba. Na samu surukata tana yanka albasa.

"'Yar nan, musa'adat ɗin nan, da gaske jira yake?"

"Eh, Inna. Ya ce cikin makon nan in sha Allah."

"Daga wa?"

"Wani mutum ne a Jidda. Shi ma daga waje ake aiko masa."

"Har daga waje. Mutane sun sani?"

"Abokansa duk sun sani, ai su suka nuna masa mutumin. Sun ce nasa sun fi na kowa kyau."

Ta faɗa tana yankan albasarta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na dube ta na ce a raina, 'ya'yan yanzu ba su san abin da ake ɓoyewa ba. Na ce mata, "Gaya masa babu gaggawa. Tafiyar nan ko yaushe ma a yi."

Da bakina na faɗa, da likkafanin Yaya ƙarƙashin matashina.

Daga ranar na daina maganar kudu. Na kashe mukayyif ɗin ɗakina da tsakar zafin Makka, na ce sanyi yana taɓa mini ƙirji. In an zubo mini nama sai in ture wa jikoki in ce haƙori. Surukata ta fara tsoron ko wani ciwon ne ya shigo. Shi kuma da ya ji babu gaggawa sai ya saki jiki, ya shiga kallon bayan motocin mutane a wayarsa, yana auna nasa da igiyar awo safe da yamma.

Yaya kuwa tana kira. Kowane kira muryar ta fi ta baya sirantaka.

"Kina hanya?"

"Ana gyaran mota, Yaya."

"Har yanzu? Motar nan haihuwa za ta yi?"

"Baya ne ya ƙi."

"Bayan wa?"

"Na motar."

Sai ta yi tari mai tsawo, ta ce, "To. Ina nan dai. Ban yi miki alkawari ba."

Ranar da musa'adat suka iso ina zaune a falo. Aka buga ƙofa, aka shigo da kwali dogo siriri. Surukata ta ce, "Alhamdu lillahi, Inna, ga su nan." Na kawar da kai. Ban so in ga galan ɗin mai da hatimin mutane a jiki ba. Amma na ji ƙarar da kwalin ya yi da aka ajiye shi, ba ƙarar shinkafa ba ce. Ta farke shi. Ƙarafa ne biyu masu launin rawaya, kowane kamar guntuwar taɓarya, kwance cikin leda.

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Musa'adat ɗin mana."

"Waɗannan?"

"Su ne, Inna. Na bayan mota. Su ke hana ta rawar nan in ta taka tudu. Susta ta ɗauki nauyi, su kuma su kwantar da ita. Na da sun yi mata kaɗan tunda aka ƙara ganye." Ta tsaya ta dube ni. Ta dubi ƙofar ɗakina da ke buɗe, mukayyif a kashe. Na ga maganar tana haɗuwa a fuskarta. "Inna, ke me kika ɗauka?"

Ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ta shige kicin. Yarinyar kirki ce, ba ta yi dariyar a gabana ba, amma na ji ta ta buɗe famfo don kada in ji.

Ni ban ga abin dariya ba, har yau ban gani ba. Wane ne ya zauna ya dubi guntun ƙarfe ya raɗa masa suna taimako? Kalmomi sun ƙare ne a Larabci? Na yi shekaru ina jin harshen nan, da shi na yi ciniki, da shi na yi faɗa da masu shara, sai a tsufana za a ce mini taimako yana da kusoshi. Na tashi na kunna mukayyif ɗina har ƙarshe, na ce a dafa mini nama.

Na ɗauka wahala ta ƙare. Aka kai ƙarafan warsha. Da la'asar ya dawo da su a hannu, fuska a murtuke. Wai sun yi gajarta. An aiko su daidai tsayin motar na asali, ita kuwa ƙarin ganyen ya ɗaga ta. In an ɗaura su a haka, rami ɗaya zai tsinke su. Sai an mayar Jidda an canjo dogaye. Kuma tunda za a jira, mai gyara ya ba shi shawara a sa wasu balan-balan na roba a gefen susta, a hura musu iska in za a ja karafan, a sace in an kwance, don kada motar ta riƙa dukan bayana in ba kaya. Shi ma wannan sai an nemo.

Har zamzam ɗina sai da aka taɓa. Ɗan Makka ba ya zuwa wurin dangi hannu sake, na sa an cika jarkoki an jera su a akwatin da ke hancin karafan, kusa da ƙofa, inda za a sauke da sauƙi. Mai gyara ya gani ya ce rabin durƙuson nan daga nan yake, duk nauyin yana kan ƙwallon ƙarfe. A mayar da su tsakiya, bisa tayoyi. Na ce wa surukata, "A tsakiya ai gadona yake. Jarkokin za su kwanta ni in zauna?"

Sai ta yi ƙasa da kai. "Inna, ai ba a cikinsa za ki yi tafiyar ba."

"A ina zan yi?"

"A mota, tare da mu. Ba a yarda mutum ya zauna cikin karafan yana tafiya ba, 'yan sandan hanya kamawa suke yi. In an tsaya ne za ki shiga ki miƙe, ki yi alwala, sannan a ci gaba."

Wato duk wannan jiran, ɗakin zai bi ni ne a baya da gadonsa a shimfiɗe ba kowa, ni ina zaune a kujera kamar kowa.

A ranar Yaya ba ta kira ba. 'Yarta ce ta kira, ta ce yau ko kunu ba ta sha ba, amma da sauƙi.

Na shiga ɗaki na ɗaga matashi. Yana zaune a falo da ƙarafansa masu rawaya a gabansa, yana ɗaukar hotonsu zai aika wa mutumin Jidda. Na zo na ajiye farin yadin a kan tebur, kusa da su. Ban bi ta kan matarsa ba, ko da tana tsaye. Tun da aka yanke masa cibiya ban taɓa duban idonsa na yi masa magana irin wannan ba.

Na ce, "Na Yaya ne. Ita ta ce in kai mata da hannuna. Tun kafin ka sayo ɗakin nan."

Ya dubi yadin. Ya sa hannu zai taɓa, ya janye. "Inna, ai ta ce mini da sauƙi."

"Me kake so ta ce?"

"Ke ma kin ce babu gaggawa."

Matarsa ta san dalili, ta iya gaya masa in ta ga dama.

Ya miƙe ya ɗauki makulli, ya tsaya da shi a hannu. Jib tana warsha a ɗage bisa ƙarfe, an kwance tsofaffin musa'adat, sababbin suna kan tebur. Ko ƙofar gida ba za ta kai mu ba. Ya fita. Da safe sai ga ƙaramar motar haya da ya samo a tashar Kudai, direban wani dattijo ne ɗan ƙasarmu. Mutumin namu ya ce matarsa ta raka ni, shi zai biyo mu da karafan da zarar an sauke motar, don in samu wurin miƙewa a dawowa. Har a lokacin bai iya barin ta rabi ba. Haka ubansa yake.

Na shiga baya na kwanta a kujerar, na naɗe ƙafa, na ɗora kai a cinyar surukata, yadin a ƙirjina, ƙaramar jarkar zamzam ɗaya a ƙasa. Ashe kujerar baya ma gado ce. Ba wanda ya tuna da wannan a gidan, har ni. In na matsu direban ya tsaya a gidan mai, in shiga banɗakin masallaci in fito. Bayana ya yi ciwo, ba zan ce bai yi ba, har da muka wuce garin Kunfuza sai da na ciji mayafi. Amma rana ba ta faɗi ba muka shiga ƙauyen.

Na samu Yaya a kan katifa a ƙasa, ta koma kamar yarinya, sai ƙafafun nan. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona.

"Wace ce wannan tsohuwar?"

"Ni ce, Yaya."

"Na san ke ce. Na ce kada ki tsaya kwalliya, kin tsaya, kuma ba ki yi kyau ba. Ina saƙona?"

Na sa mata a hannu. Ta kai hanci ta shaƙa, ta tura ƙarƙashin matashinta, ta ce a ɗiga mata zamzam a baki. Da ta ɗan samu ƙarfi ta ce in ba ta labarin motar da ta riƙe ni. Na ba ta tun daga durƙuson har ƙarin ganye. Da na zo kan musa'adat, da kashe mukayyif, da naman da na riƙa turewa, sai ta fara dariya ba sauti, hawaye yana bin gefen idonta, har 'yarta ta shigo da gudu.

Da numfashinta ya dawo ta ce, "Ni da na goya ki daga bakin ruwan can har Makka, da zani ɗaya, ga ki da nauyi kamar turmi, wane musa'adat aka ɗaura mini?"

Na ce, "Ai ke ba ki durƙusa ba."

Ta ce, "Na durƙusa mana. Ba wanda ya tsaya aunawa ne."

Allah ya ba mu 'yan kwanaki. Na shafa mata mai a ƙafa, ta zage ni a kan yadda nake dama kunu, muka tuna mutanen da ba wanda ya san sunansu yanzu sai mu. Wata safiya bayan an sha shayi ta juya ga bango, ba ta juyo ba. Da hannuna na ciro yadin na ba masu wanka.

Mutumin namu kuwa ya iso ana cikin zaman makoki. Ina zaune cikin mata sai na ji yara suna ihu a waje. Na leƙa. Ga jib, ga karafan a bayanta, sun tsaya a miƙe kamar an ja zare, gindi bai sauka ba, hanci bai ɗaga ba. Maza suka bar tabarma suka zagaye ta, suna tsugunawa suna leƙen ƙarafan rawaya. Shi bai tsaya da su ba, ya tambayi hanyar maƙabarta ya tafi shi kaɗai. Da ya dawo idonsa ja ne. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi mini gaisuwa, na amsa ina duban tabarma. Na ce wa surukata ta kai masa abinci, ta gaya masa a sauke jarkokin a raba wa masu ta'aziyya. Gidan ƙarami ne, sai matan da suka zo daga nesa suka riƙa kwana a karafan. Sun yaba gadon ƙwarai. Ni ban taɓa kwanciya a kansa ba.

Da za mu dawo na zauna a kujerar baya ta jib, ɗakin yana biye da mu. Tireloli suka yi ta wuce mu, motar ko gezau. Muka bi ramuka da tuddai na hanyar bakin teku, ban ji ko ɗaya a ƙashin bayana ba. Yana ta satar kallona ta madubi, na san abin da yake jira. Can wajen garin Lis surukata ta juyo ta ce, "Inna, yaya kika ji motar?"

Na ce, "Gaya masa ta yi laushi."

Ta yi laushin kuwa, har muka shiga Makka ba ta girgiza ni ba. A duk abin da ya faru a shekarar nan, ba abin da ya ba ni haushi kamar wannan.